Wace Gujiya? Manhajar Cefane da Sunayen Abinci a Nijar

A ɗauka wani magidanci ne a babbar kasuwar Maraɗi da hantsi, riƙe da jakar cefane. A gida akwai mahaifiyarsa, wadda likita ya hana wa gishiri saboda hawan jini, akwai kuma ƙaramin ɗansa, wanda duk ranar da ya ɗanɗana wani abu mai gyaɗa sai leɓunansa su kumbura, borin jini ya feso masa, numfashi ya yi masa wuya. A aljihunsa akwai wayar salula, a cikinta kuwa da ɗaya daga manhajojin nan da ake haska wa kaya kyamara su nuna kore in ya dace da mai shi, ja in bai dace ba. Zai sayi tiyar hatsi, da ƙullin yaji, da kwalbar mai da aka ɗura daga jarka, da ɗan kilishi na tsaraba, da madarar gari da mai shago ya ɗebo daga buhu ya ƙulla a leda. A cikin waɗannan duka babu ko ɗaya da kyamarar za ta samu abin karantawa a jikinsa. Wayar za ta koma aljihu, shi kuma ya koma ga abin da ya saba, wato tambaya da zato.

Ƙera manhajar da za ta taimaki masu dokar abinci wajen cefane tunani ne mai kyau, kuma yana cikin irin ayyukan da kan ja hankalin ɗalibin kimiyyar kwamfuta mai neman abin da zai kare a ƙarshen shekara. Matsalar tana cikin jerin aikin. Yadda aka saba, ana farawa da kyamara da launukan allo, a jona manhajar da wani rumbun bayanai na ƙasar waje, sa'an nan, idan lokaci ya rage, a nemi wani ya juya maɓallai goma zuwa Hausa. A Nijar wannan jeri a kife yake. Abin da zai hana yaron can cin gyaɗa, ya rage wa tsohuwar can gishiri, aikin ƙamus ne tun daga tushe, kuma ɗaliban kimiyyar harshe ne ya kamata su riga kowa sa hannu a cikinsa.

Domin a ga dalili, sai a dubi abin da manhajojin Turai suke tsaye a kansa. Ƴan layukan nan baƙaƙe da ake bugawa a jikin kwali, waɗanda aka fara karantawa da na'ura a wani kanti na garin Troy a jihar Ohio ta Amurka ranar 26 ga Yuni 1974, ba su ɗauke da sunan ko da sinadari ɗaya. Lamba ce kawai, galibi mai alƙaluma 13. Na farkonsu suna nuna ƙasar da kamfani ya yi rajista, 615 ga Najeriya, 613 ga Aljeriya, sauran kuma suna nuna kamfanin da hajarsa. Idan waya ta karanta lambar, sai ta je ta nemo ta a rumbun bayanai. In wani ya riga ya shigar da kayan a samu amsa, in babu, shiru. Rumbun Open Food Facts, wanda aka kafa a Faransa a 2012, ƴan sa-kai ne ke cika shi da hotunan kwalayen da suka saya, saboda haka ya fi sanin kantunan da ƴan sa-kan suke shiga. Manhajar Yuka, wadda ta fito a 2017, ita ma a can ta girma. Bayan wannan akwai doka. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169 ta shekarar 2011 ta wajabta wa mai sarrafa abinci ya fito da sunayen abubuwa 14 da aka san suna tayar wa wasu mutane da jiki, ya bambanta su da sauran rubutun yadda ido zai faɗa kansu. Manhajar ba ta gano komai da kanta. Abin da doka ta tilasta a rubuta, wani kuma ya kwafa, shi take maimaitawa, kuma inda babu kwali ba ta da bakin magana.

Kayan kwali dai akwai su a Nijar. Shagunan Maraɗi cike suke da biskit da taliya da lemon kwalba da suka shigo ta hanyar Katsina da Jibiya, rubutunsu da Ingilishi. A Agadas da Tawa ana samun kayan Aljeriya da Larabci da Faransanci. A Yamai ga na Turkiyya, ga na Sin, ga waɗanda suka biyo tashar jiragen ruwan Lome. Kwali ɗaya kan zo da harsuna uku, babu Hausa a ciki. Gyaɗa kaɗai tana iya fitowa da sunan arachide ko cacahuète, ko peanut ko groundnut, ko kuma da haruffan Larabci a matsayin ful sudani, wato waken Sudan. Har ɗalibin da ya iya Faransanci sosai yana iya tuntuɓe, domin fruits à coque, da ke nufin dangin kashu da almon, bai haɗa da gyaɗa ba, ita ƴar'uwar wake ce. Ingilishi kuma ya zo da nasa ruɗanin: kalmar nut tana maƙale a sunan gyaɗa, da na goro, da na kwakwa, har da na aya, alhali aya ɗan kumburin saiwar wata ciyawa ce, ba ta da dangantaka da ko ɗayansu. Manhajar da ke kama kalma ba tare da sanin tsiro ba za ta hana wa mutumin Maraɗi kunun aya, a yankin da ya fi ko'ina noman ayar a ƙasar, ba gaira ba dalili. Wannan kuskure ne mai sauƙi, asararsa kofin kunu. Akwai wanda ya fi shi.

A yawancin ƙasar Hausa ta Nijar, kamar a Sakkwato, idan aka ce gujiya, gyaɗa ake nufi: ita ake matse wa mai, da ita ake ƙuli-ƙuli. A Kano kuwa gujiya, ko gurjiya, wata aba ce dabam, dunƙulalliyar ƙwaya mai tauri da ake dafawa a ci da gishiri, wadda wasu ke kira kwaruru, Faransanci kuma ya ce voandzou. Yanzu a sake duba magidancin can. Ya buɗe manhaja, ya rubuta ko ya faɗa cewa ɗansa ba ya cin gujiya. Idan jerin kalmomin da aka gina manhajar a kai daga daidaitacciyar Hausar Kano aka ɗauko shi, kamar yadda mafi yawan abin da ke intanet da Hausa yake, to kwaruru za ta rubuta masa a cikin abubuwan da za ta tsare, ta bar gyaɗa a buɗe. Daga nan duk kwalin da ya ce arachide kore za ta haska masa. Babu layin lissafi ko ɗaya da ya karkace, kyamara ta yi aikinta, rezo bai yanke ba. Kalma ɗaya ce aka fahimta da karin wani gari. Mai tsara manhaja ba zai ga wannan rami ba, don ba a horar da shi ya gan shi ba. Ɗalibin da ya yi darasin karin harshe ko na wata uku ne zai hango shi tun daga nesa, kuma ya san maganinsa: kada a taɓa karɓar suna shi kaɗai, a nuna hoton ƙwayar da ɓawonta, a tambayi mai waya wace gujiyar yake nufi.

Gujiya ba ita kaɗai ba ce. Hatsi a bakin mutumin Tawa ko Maraɗi gero ne. A daidaitacciyar Hausa yana iya rufe tsaba iri-iri, kuma ga wanda hanjinsa ba ya ɗaukar alkama bambancin ba ƙarami ba ne, tunda gero ba ya da sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir. Kantu yana iya zama curin gishirin Bilma, ko na sukari, ko alawar riɗin da yara ke talla, kowanne da irin mara lafiyar da ya kamata ya guje shi. Awara daga waken suya ake yin ta, cuku daga nono, amma Faransancin kasuwa yana iya kiran duka biyun fromage. Nono da madara da kindirmo kuwa lait ɗaya ne a jikin takarda, alhali mutane da yawa da ɗanyar madara ke murɗa wa ciki suna shan nono mai tsami lafiya lau, saboda tsamin ya rage sukarin madarar. Wanda furotin madarar ne ke tayar masa da jiki, shi babu wanda zai sha a cikinsu. Sai kuma rubutu. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka fara ta ci, da fara ta launi, da fara ta soma aiki duk haruffa huɗu ne iri ɗaya. Wanda ya yi lakwal da Faransanci zai rubuta goujia da tchoukou da kilichi. Wanda wayarsa ba ta da haruffa masu lanƙwasa zai rubuta kuli da gyada. Wani kuma zai rubuta yadda yake furtawa, hura da kihi. Akwatin nema da ya nace sai an bi ƙa'idar rubutu kafin ya ba da amsa ya mai da kansa malamin jarrabawa a wurin da ake neman mai taimako. Dole ya karɓi duka, ya mai da su ga abu ɗaya.

Duk wannan a kan kalmomi ɗai-ɗai ne. Abincin da ake saye a kasuwa da bakin titi yana da wata matsalar, domin sunansa ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Kunun gyaɗa ya yi gaskiya, ya ambaci kansa. Kilishi bai ce komai ba, alhali ana tsoma shanyayyen naman ne a cikin labun da aka dama da tunkuzar gyaɗa kafin a gasa. Yajin tsire ƙuli-ƙuli ne ginshiƙinsa. Haka kwaɗon zogale, haka dakuwa, haka miyar taushe a gidaje da yawa, ga kuma man da aka soya ƙosai da shi. Masar da ake zaton shinkafa ce ko gero zalla, wata mai tuya kan ƙara mata fulawa. Fara, wadda ake soyawa a tsiba a kasuwannin Yamai da Damagaram, tana da wani furotin da ya yi kama da na jatan lande da ƙaguwa, don haka wanda waɗancan ke tayar wa da jiki yana iya gamuwa da irin abin a farar. Jerin Turai na abubuwa 14 ya ambaci lupin, wanda tukunyar Bahaushe ba ta san shi ba, bai ambaci fara ba. Ke nan ginshiƙin rumbun bayanan da Nijar ke bukata shi ne sunan abinci kamar yadda mai talla ke kiransa, da garin da ake kiransa haka, da abin da ake sawa a ciki kullum, da wanda ake sawa wani lokaci. Lambar jikin kwali sai ta biyo baya a matsayin ƙari.

Ɓangaren mai saye ma yana da nasa ƙamus. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da allergie, ta rarraba ma'anar ne a cikin maganganu da dama. Mutum kan ce abu bai karɓe shi ba, ko jikinsa ba ya so, ko yana sa shi borin jini, ko yana ɓata masa ciki. Jimlar "ba na ci" kuwa tana ɗaukar kaya da yawa: wanda likita ya kafa wa doka yana faɗinta, da wanda addini ya hana, da wanda ya gaji kan gida, wato dabbar da zuriyarsu ba ta ci, da wanda abin bai yi masa daɗi ba kawai. Ga wasu daga cikinsu ɗan kaɗan ba ya komai. Ga yaron da maƙogwaronsa ke kumbura, cokalin da aka juya wata miya da shi ya isa. Manhajar da ta tara su a ƙarƙashin maɓalli ɗaya za ta tsananta wa wanda bai bukata, ta sassauta wa wanda sassaucin zai kai asibiti. Tambayar da ta dace a yi wa mai waya ita ce me ke faruwa idan an ci, a kuma bar shi ya zaɓa daga cikin maganganun da ya saba ji a gida.

Masu ciwon sukari da masu hawan jini, waɗanda su ne za su fi yawa a cikin masu bukatar irin wannan manhaja, nasu tarkon ya fi ɓoyuwa. Likita ya ce a rage zaƙi. Mara lafiya ya ji, ya bar sa sukari a shayi, ya ci gaba da farar shinkafa da burodi da taliya da ƙwaryar fura, domin a Hausa zaƙi ɗanɗano ne, harshe ke shaida shi, kuma waɗannan ba su da shi. A cikin jiki kuwa sitacinsu sukari yake komawa. Wani ya bar sukarin kanti ya koma zuma da dabino da rake, yana ganin waɗannan na Allah ne. A jikin kwali kuma sukarin kan ɓuya a bayan saccharose da dextrose da sirop de glucose, kuma sans sucres ajoutés na nufin ba a ƙara ba ne, ba ya nufin babu. Gishiri ma haka. Tsohuwar da aka hana wa gishiri za a yi mata miya ba a barbaɗa ko ƙwaya ba, a jefa dunƙulen magi biyu, alhali kusan rabin nauyin dunƙulen gishiri ne, a kuma jiƙa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi. A bakin kowa kanwa ba gishiri ba ce, amma sinadaranta na sodiyom ne, shi ne kuma abin da likitan yake gudu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa na masu jego da ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Ingilishin Najeriya yana kiran kanwa potash, sunan da ke nuni ga potasiyom, wani sinadari dabam, kuma manhajar da ta bi ta wannan fassara za ta ɗauki kanwa a matsayin abin da ba ya da laifi ga mai hawan jini. Natron na Faransanci ne ya faɗi daidai.

Alƙaluma ma suna bukatar fassara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, kwali kuma yana ba da lissafinsa a kan kowane giram 100, wani lokaci da sunan sodiyom, wanda sai an ninka shi sau biyu da rabi kafin a samu gishirin. Babu uwargidan da ke girki da giram. Tana da ƙaramin cokali, wanda giram 5 ɗin bai gama cika shi ba, da ludayi, da ƙulli, da dunƙule. Da waɗannan ya kamata manhaja ta yi magana. Idan kuma za ta nuna abin da za a saya a madadi da farashinsa, to a kula: in allo ya nuna 100 F, murya kuma ta karanta "ɗari", ɗan Nijar 500 F ya ji, tunda da dala yake ƙirga, dala kuwa tamma biyar ce. Dala ashirin ya kamata ta ce.

Maganar murya ta zo ke nan. Manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai rabi ba, ciwon sukari kuma yana cin ido, rubutun kwali kuwa ƙanana ne ko ga mai lafiyar gani. Amma waya ba baƙuwa ba ce a kasuwa. Binciken Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki, ya nuna yadda shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwannin ƙasar, yau kuma wanda bai taɓa rubuta harafi ba yana aika saƙon murya ta WhatsApp ba fargaba. Saboda haka manhajar ta yi magana. Sai dai akwai bambanci tsakanin wayar da ke magana da wayar da ke sauraro. Na'urar gane magana tana koyo ne daga muryoyin da aka ba ta, kuma abin da aka tara na Hausa, a Common Voice na Mozilla da makamantansa, karatun daidaitacciyar Hausa ne galibinsa. Tsohuwar Adar da ta ce hwara a tsakiyar hayaniyar kasuwa ba ta cikin waɗanda suka koyar da na'urar. Har zuwa ranar da za a tara muryoyin Adar da Gobir da Arewa da Damagaram, hanyar da ta fi aminci ita ce hoto da naɗaɗɗiyar muryar mutum: a taɓa hoton kilishi, a ji an ambaci sunansa da abin da ke ciki. Duk a ajiye su a cikin wayar, su yi aiki ba rezo ba mega, a kuma iya tura su daga waya zuwa waya kamar yadda ake tura waƙoƙi da wa'azi a rumfar caji.

Abin da ya fi wuya a shawo kan mai tsara manhaja a kai shi ne amsa ta uku. Kore da ja suna da kyau a allo, manhajar da ke yawan cewa ba ta sani ba kuwa kamar ta gaza ce. Amma a kasuwar da aka kwatanta, "ba a sani ba" ita ce amsar gaskiya a mafi yawan lokuta, kuma kore na ƙarya ya fi rashin manhajar muni, domin ya kashe shakkar da da ita ce za ta sa uba ya yi tambaya. Kayan da ba ya cikin rumbu kada ya fito da launin da ya yi kama da izini. Ko ginin jimlar yana da muhimmanci: "babu gyaɗa" da "ba a rubuta gyaɗa ba" magana biyu ce, ta biyun kaɗai manhaja ke da hurumin faɗa. A batun halal ma haka ne. Gélatine de porc da saindoux a bayyane suke, sai a faɗa da Hausa cewa daga alade ne. Amma E471 ana yin sa daga man tsiro, ana kuma yin sa daga kitsen dabba, kwali bai cika faɗin wanne ba. E120 jan launi ne da ake samu daga wani ƙwaro. Malamai kuma sun yi saɓani a kan hukuncin abin da ya rikiɗa ya bar asalinsa. Aikin manhaja shi ne ta faɗi daga ina abu ya fito, in an sani, ta bar fatawa ga masu ita.

Inda amsar ta zama "ba a sani ba", abin da ya rage shi ne tambayar mai sayarwa, kuma nan ma sai da gwaninta. Idan aka ce wa mai tuya "me kika sa a ciki?" kai tsaye, tana iya jin ana zarginta da algus, ko da abin da ya fi algus muni. Wanda ya san ladabin kasuwa zai gaisa tukuna, sa'an nan ya ɗora larurar a kan gidansa: "Inna, don Allah akwai ƙuli a yajin nan? Yaron gida ne jikinsa ba ya karɓa." Irin waɗannan jimloli, na mai tuya dabam, na mahauci dabam, ya kamata su kasance a cikin manhajar, musamman da yake sau da yawa mai cefanen ba shi ne mai larurar ba. Yaro ake aika, ko maigida ya sayo wa gida duka. Tukunya ɗaya ce, waya ma takan zama ɗaya. Tsarin Turai na mutum guda da bayanansa bai dace da wannan ba, gida za a yi wa rajista. Ciwo kuma sirri ne. Wayar da za ta ɗaga murya a gaban rumfa ta ce wannan bai dace da mai ciwon sukari ba ta tona abin da dattijo ya ɓoye wa maƙwabtansa, washegari kuwa goge ta zai yi. Ta ambaci abin da ke cikin abincin, ta yi shiru a kan cutar. Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, kuma hanya mafi sauƙi ta kiyaye ta ita ce bayanan lafiyar kada su bar cikin wayar.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce a ƙasar da, idan damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, damuwar gidaje da yawa ita ce a samu abin ci, balle a yi zaɓe. Maganar tana da nauyi, kuma manhajar da za ta ce wa mai ciwon sukari ya rage fura ba ta nuna masa abin da dala ashirin ɗinsa za ta saya a madadi ba, damuwa kawai ta ƙara masa. Amma talauci ba ya hana hawan jini, kuma wanda ba ya da kuɗin komawa asibiti kowane wata shi ya fi bukatar sanin cewa magi da kanwa suna cikin lissafin gishiri. Akwai kuma masu tambayar me ya sa Hausa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana ta harshen ƙasa, ita ce kuma ta fi yawo a kasuwanni. Duk da haka, idan aka gina rumbun a kan abin da kansa, wato tsiron ko abincin, aka rataya masa sunaye, to shigo da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci sai ya zama ƙarin shafi a kan ginin da ke akwai.

Abin da ake bukata daga sashen harsuna bai fi ƙarfin aji ɗaya ba. Akwai abin farawa da shi: jerin sunayen tsirrai na Dalziel na 1916, da ƙamus ɗin Bargery na 1934 wanda ya kula da nuna kalmar Sakkwato da ta Katsina, da na Hausa da Faransanci na Abdou Mijinguini. Amma babu ɗayansu da ya san man da mai awara ta ƙofar jami'a take suya da shi bana. Wannan sai an fita. Ɗalibai biyu-biyu, da waya mai ɗaukar murya da hoto, a kasuwar Maraɗi, da Dole ta Damagaram, da ta Tawa, da Katako ta Yamai; a kowace rumfa a nuna abu a tambayi sunansa, maimakon a faɗi suna a tambayi ma'anarsa, don kada mai tambaya ya sa wa mai amsa kalma a baki. A rubuta karin sauti da tsawon wasali, a rubuta garin mai maganar da shekarunsa, a tambayi masu tuya aƙalla uku kafin a ce wani abu kullum ake sa shi. Shafin da ya shafi lafiya kuma kada ya fita sai likita ko masanin abinci ya duba ya sa hannu, domin sanin sunan kanwa a garuruwa biyar bai mai da ɗalibin harshe likita ba. Idan abinci ɗari biyu na farko suka kammala a haka, da hotunansu da muryoyinsu, sai a kira ɗaliban kwamfuta a miƙa musu.